Lemun Mama Saratu da Fentin Kirsimeti

Kwanakin baya wani daga cikin samarin da ke sayar da dashen fulawa a leda a bakin hanya ya tare ni, ya nuna mini hoto a wayarsa. Itacen marmari ne an shimfiɗa shi a jikin bango, rassansa a miƙe dama da hagu kamar mutum ya buɗe hannuwa. Ya ce, "Baba Ishaya, ashe abin da kake yi ke nan? Ai ba wahala. Ƙusa ce da wayar ƙarfe." Na ce masa haka ne, akwai ƙusa, akwai waya. Ban ƙara ba, domin mai saye yana jiransa. A ajin yaƙi da jahilci da muke yi a cocinmu malamarmu ta ce kowa ya rubuta aikin da ya sani. To shi ne na ce bari in rubuta muku wannan, ku masu tasowa, tunda hannuna ya fara sabawa da biro.

Aikin ba shi da suna a wajenmu. Gadina, wato mai kula da lambu, ake ce mini a Kafanchan, wasu su ce mai fulawa. Wanda ya koya mini, Baba Dogo, horon itace yake ce masa. Idan gida ba fili, sai 'yar hanya tsakanin ɗaki da katanga, itace ba zai iya buɗe rassansa ta ko'ina ba. Sai ka koya masa ya bi jikin katangar tun yana ƙarami, ya yi faɗi ba tare da ya yi ciki ba. Mutum ya wuce ta gabansa da bokiti a ka, ganye bai taɓa shi ba, kuma ga 'ya'ya a kusa da hannu.

Aikina na farko da Baba Dogo wata gwaiba ce a bayan kicin na wani gida a unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa. Na zo ina tsammanin zai ba ni almakashi. Tsohon zanen matarsa ya ba ni, ya ce in yayyaga shi siri-siri. Da ƙyallen ake ɗaure reshe. Za ka zagaya waya da shi, ka gitta, sannan ka zagaya reshen, yadda ƙyallen zai shiga tsakaninsu, waya ba za ta goge ɓawo ba. Ina ɗaurewa yana bin bayana yana sa ƙaramin yatsansa a cikin kowane ɗauri. Inda yatsan bai shiga ba sai ya kwance. Na ce masa, "Baba, ga guntun waya nan da yawa, me ya sa ba za mu murɗe da ita mu huta ba?" Ya kai ni gidan maƙwabta ya nuna mini wani mangwaro da aka taɓa ɗaura wa igiyar shanya ta ƙarfe. Itacen ya yi ƙiba ya haɗiye wayar, daga wurin zuwa sama duk ya bushe. Ya ce, "Ƙyalle yana ruɓewa kafin ya shaƙe reshe. Shi ya sa muke son sa."

A jikin gwaibar nan na koyi lanƙwasa. Ba a lanƙwasa reshe da rani. Sai damina ta zauna, itace ya sha ruwa, jikinsa ya yi laushi. Ko a lokacin ma ba a kai shi kan waya rana ɗaya. Za ka ɗaura shi a jikin siririn gora, ka karkatar da shi kaɗan, ka tafi gida. Bayan wasu makonni ka dawo ka ƙara saukar da shi. Baba Dogo yakan ɗora tafin hannunsa a kan reshe ya danna a hankali, sannan ya ce, "Yau ya ce a'a." Sai mu tattara kaya. Reshen da ke tsaye ganye yake yi, wanda ya kwanta shi ke yin 'ya'ya. Amma idan ka kwantar da shi da wuri, sai ya daina tsawo tun bai kai ƙarshen waya ba, ka zauna da guntun hannu har abada. Wannan ba ya fitowa a hoton waya.

A gidan wani fasto a Zonkwa na fara aiki da kayan kaina. Ba su da yawa, jaka ɗaya ce. Almakashin yankan reshe, da wuƙar aure, wato wadda ake haɗa reshen itace mai daɗi da gindin itace mai ƙarfi da ita, da ƙaramin zarto, da dutsen wasa su, da guduma, da siririn tiyo mai ruwa a ciki irin na magina domin waya ta miƙe daidai. Adda kuwa a bakin ƙofa nake barin ta. Adda ta ciyawa ce. A gidan faston nan katangar tana kallon yamma, rana tana dukanta tun azahar, da yamma ba ka iya jingina bayanka da ita. Na roƙe shi muka koma katangar da ke kallon gabas, duk da ba ita baƙi ke fara gani ba. Ko'ina ne kuma ba na manna waya a jikin siminti. Ina sa guntun katako tsakani, a bar faɗin tafin hannu, iska ta riƙa wucewa ta baya. Rami kuma nesa da tushen gini kamar kamu ɗaya, sai a jingino dashen ya nufi bango.

Masu ba da aiki iri-iri ne. Wani mai otal a Jere ya kira ni ya ce yana so katangarsa ta rufe da lemo kafin bikin buɗe otal, ga shi har an buga katin gayyata. Na dasa masa fulawar nan mai ƙaya mai jan fure kamar takarda, na gaya masa lemo sai ya haƙura. Wata malama a Gidan Waya kuma ta bi duk abin da na ce, sai dai duk zuwan da na yi ina samun wanki shanye a kan wayoyin, har da bargo. Ta ce ai wayar tana zaune ba aikin komai. Ba na faɗa da kowa. Ina kwashe kayan in ninke, in ja wayar ta sake miƙewa.

Amma aikin da nake so ku ji shi ne na Mama Saratu. Gidanta yana bayan gari, ta hanyar Gidan Waya. Matata ce ta kawo mini saƙonta, domin sukan haɗu a taron zumuntar mata. A zamaninta ba a yi manomiyar citta kamarta a unguwarsu ba. Mijinta ya rasu, ciwon gwiwa ya kama ta, gona ta koma hannun 'ya'ya. Ɗanta da ke aiki a Abuja ya zagaye mata ɗaki da katangar bulo ya sa ƙofar ƙarfe. Tsakanin ɗakin da katangar sai 'yar hanya, a nan take ajiye kujerarta ta roba tana shan hantsi.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Zauna, ɗana. An ce kai ne mai sa itace ya kwanta."

"Ina ƙoƙari, Mama."

"Ka san ranar godiyar kaka a coci?"

Kowa a wajenmu ya sani. Bayan an kwashe amfanin gona ake yi. Ana kiran gida-gida, mutanen gidan su taso daga bakin ƙofa da rawa, ɗauke da abin da suka noma, doya ko acca ko citta ko kaza, su ajiye a gaba.

Ta ce, "Bara ɗana ya aiko mini da katan ɗin taliya. Na ɗauka na shiga layi ina rawa. Ƙawata Ladi ta matso ta ce mini a kunne, 'Saratu, a wace gona taliya take tsirowa? Ki ba mu iri mana.' Mun yi dariya har fasto ya waiwayo. Amma da na dawo gida tuwo bai shiga ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Ni dai abin da nake so, in kai wa Ubangiji abin da ni na ba shi ruwa, ni na tsinke shi da hannuna. Ba na iya hawa, ba na iya daɗewa a tsaye. Daga kan kujerar nan nake so."

Na matsar da kujerar kusa da katanga, na ce ta miƙa hannu iya inda ba za ta ji zafi ba. Na sa gawayi na yi alama. A ƙasa da alamar kaɗan na ja waya ta farko. Ban taɓa yin waya ƙasa haka ba, saboda awaki, amma gidanta akwai ƙofa. Na ja ta biyu a sama da ita, na ja ta uku. Na gaya mata gaskiya, cewa ko lemo mai aure ne sai ya ga damina da dama kafin a bar shi ya riƙe 'ya'ya.

Ta ce, "Na ji. Idan Ubangiji ya kira ni kafin nan, ka hana Ladi sha."

Da ruwa ya sauka na kawo dashen na dasa. Da ya kama, na fito da almakashi na datse kansa daidai tsawon wayar farko. Mama ta dafe ƙirji ta ce, "Ishaya, na kira ka ka dasa ne ko ka yanka?" Na ce ta jira. Daga wurin yankan toho ya fito da yawa, na zaɓi uku, ɗaya ya tafi dama, ɗaya hagu, ɗaya sama domin hawa na biyu. Sauran na murje su da yatsa. Na nuna mata wurin auren, wani ɗan kumburi kusa da ƙasa, na ce duk abin da ya toho a ƙasa da nan na gindin tsami ne, ta cire shi tun yana ɗanye. Ba ta taɓa barin ko ɗaya ya kwana ba. Da buta take ba shi ruwa, tana zaune. Tsutsar da ke cin ganyen lemo kuwa, ita ta san lokacin fitowarta fiye da ni. Shekarar da ya fara fure na zo na kakkaɓe furen duka, domin ƙarfinsa ya tafi ga rassa. Ranar na yi mata sallama ba ta amsa ba. Sai da na kai ƙofa ta ce, "Ka gaida matarka. Ita kaɗai."

A hankali rassan ƙasa biyu suka kai ƙarshen waya, kowanne ya kai kaurin tsintsiyar hannu. Hawa na biyu ma ya kwanta. Da godiyar kaka ta wannan shekarar ta wuce na ce mata, "Mama, baɗi ba zan taɓa fure ba. Ki nemi daro."

Akwai al'ada a coci-cocinmu na nan, mai kyau ce, ni ma na yi ta ina saurayi. Idan Kirsimeti ya gabato, ƙungiyar matasa tana bin gidajen tsofaffin da mazansu suka rasu, a share, a nome ciyawa, a yi wa bango fenti, domin kada baƙi su zo su ga gidan uwa ya yi baƙi. Shugaban matasan cocin Mama a lokacin Bitrus ne, ɗan acaba, mutum mai zafin nama da son aikin Allah. An ɗauki Mama zuwa bikin jikarta a Zangon Kataf, sai suka ce su yi kafin ta dawo, ta zo ta gani ta yi murna.

Ina gida ina wasa almakashi sai ga babur ɗin Bitrus. Bai kashe injin ba. Ya ce, "Baba, akwai matsala. Mun yi wa Mama Saratu fenti."

"Ai abin kirki ne."

"Har bayan lemun."

Na ɗauki jakata na hau.

Abin da ya faru shi ne, sun ga tsummoki rataye a jikin itace, sun yi baƙi da ruwa da rana, suka ce wannan ƙazanta ce, ba za a yi Kirsimeti da ita ba. Suka yanke su duka. Suka sa igiya suka janyo itacen gaba domin burushi ya shiga baya. Da fenti ya bushe suka tura rassan su koma, suka murɗe su da sabuwar waya. Ga shi rani ne, itace ya yi tauri. Reshen ƙasa na hagu ya ɓalle gaba ɗaya, har sun kai shi bola. Na dama ya tsage daga inda ya haɗu da gindi, yana reto da ɗan ɓawo. Na sama ba su karye ba, domin ba su kai waɗancan tsufa ba.

Ban yi musu faɗa ba. Ban taɓa gaya wa kowa a cocin nan amfanin tsummokin ba, su kuma abin da suka san ana yi wa uwa suka yi. Na kwance wayoyin. Na mai da reshen da ya tsage wurinsa, na naɗe shi da robar tayar keke, na shafe bakin da kakin zuma, na tokare shi da gora, na jingina zana domin inuwa.

Washegari aka dawo da Mama. Matasan suna tsaye a tsakar gida kamar masu jiran hukunci. Ta dubi katanga daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta ce, "Bango ya yi kyau. Ubangiji ya sa muku albarka, ya ba ku masu yi muku." Ta sa aka ba su kunu. Sai da suka fita ta ce, "Ishaya, zo nan. Kada ka ɓoye mini."

Na ce, "Na hagu ya tafi. Na dama sai abin da damina ta ce."

Ita ce mummunar shekarata a wannan sana'a. Ruwa ya yi jinkiri sosai, rijiyoyi suka ja baya, dashen da na ajiye a leda rabi ya ƙone. Kuma shekarar tsoro ce, ana yawan shiga gidajen mutane. Wani ya fara cewa itacen da ke jikin katanga tsani ne aka kafa wa ɓarawo, magana ta bazu. Mutanen da na yi wa aiki shekara da shekaru suka riƙa kirana in zo in sare. Na gaya musu itacen a cikin gida yake, mai haurowa daga waje yake zuwa, amma wanda ya kwana bai yi barci ba ba ya jin wannan. Na sare gwaiba, na sare lemo, na sare na faston Zonkwa ma, aka dasa fasassun kwalabe a kan katangu. Sauran ranakun na koma juya citta a wurin masu shanya. Ɗan Mama ya bugo waya daga Abuja ya ce ita ma a sare nata. Ta ce masa ɓarawon da zai shigo ya saci me, kujerar roba?

Ruwan shanta take ragewa tana ba itacen. Duk da haka, kafin damina ta zauna reshen da ya tsage ya fara zubar da ganye. Na kankare ɓawo da farce na ga ba kore a ciki. Na sa zarto na cire shi. Hawan ƙasa ya tashi ke nan, wayar farko ta zauna ba komai a kanta.

Da ruwa ya sauko sosai, duk ƙarfin itacen ya tafi hawa na biyu. Ya yi fure har ƙamshi yana kai wa bakin ƙofa, ya riƙe 'ya'ya da yawa. Mama ta zauna a kujerarta ta miƙa hannu. Tsakanin yatsunta da lemun da ya fi kusa akwai fiye da kamu ɗaya. Ta gwada miƙewa tsaye da sanda, gwiwa ta ƙi tun hannu bai kai ba.

Bitrus bai daina zuwa gidan ba tun abin da ya faru, kullum yana kawo mata jarkar ruwa a bayan babur. Ranar yana nan. Ya ce, "Baba, ba za a sauko da na saman ba?"

Na ce sun riga sun yi tauri a inda suke, idan na matsa musu abin da ya sami na ƙasa zai same su. Ana iya jawo sabon toho daga ƙasa a fara daga farko, amma wannan aikin wasu shekaru ne. Ga shi Mama ta rame sosai a wannan ranin.

Ya ce, "To in ya nuna ni zan tsinka mata, in sa mata a hannu."

Ta ce, "Ka saya mini a kasuwa mana, ya fi sauƙi."

"Ko a yi miki sanda mai ƙugiya."

"Ya faɗo ƙasa ya fashe, in kwasa in kai gaban Ubangiji?"

"To mu ɗaga ki da kujerar, mu huɗu."

"Ni buhun citta ce?"

Ya tsaya yana kaɗa makullin babur. Can ya ce, "Baba, shagon da nake ajiye mashin yana da tudu, da katako nake hawa da shi. Idan itacen ba zai sauko ba, me zai hana wurin zaman ya hau? A zuba ƙasa a yi mata dakali."

Ni ban yi wannan tunanin ba, kullum itacen nake kallo. Na ce ƙasa dai a'a, domin idan aka binne wurin auren gindi zai ruɓe, siminti kuma zai hana saiwa shan ruwa. Amma idan katako ne a kan bulo, iska da ruwa suna wucewa ta ƙasa, a bar rami kewaye da gindi, zai yi.

Ya je ya sami fasto, aka ba su tsofaffin bencin da aka jibge a bayan coci. Akwai kafinta a cikin matasan. Wata Asabar suka zo, waɗanda suka yi fentin nan dai, suka jera bulo, suka shafe katakon da baƙin mai saboda gara, suka shimfiɗa. Ba su yi matakala ba. Tun daga bakin ƙofar ɗakinta katakon yake hawa a hankali, da gora a gefe domin riƙewa, har ya kai gaban itacen ya miƙe. Duk wanda ya matso kusa da reshe da guduma sai Bitrus ya ce, "Kai, ja baya, ka taɓa yi mana sau ɗaya." Wanda aka faɗa wa ya ce, "Oga shugaba, wa ya riƙe igiyar ranar?" Aka yi dariya, har Mama.

Tun daga lokacin, duk inda zan yi aiki sai na ce a yi fenti tukuna kafin in ja waya. Idan watan Kirsimeti ya kama kuma ina bin gidajen da na yi wa aiki, in tara mutanen gida har da masu zuwa taimako, in nuna musu yadda ake ɗaura ƙaramin burushi a sanda a zura ta bayan reshe ba a kwance komai ba. Tsummokin da suka yi baƙi ina canza su da sabon atamfa kafin baƙi su zo. Ku ma idan kun shiga aikin nan ku sa wannan a cikinsa. Ko mutum nawa ne ke shiga gidan da niyyar alheri, duk sai sun san abin da ƙyallen yake yi.

Ranar Asabar, jajiberin godiyar kaka, Bitrus ya ɗauko ni. Mama ta fito da sandarta, ta kama gora, ta hau katakon tana hutawa a hanya. Aka ajiye mata kujera a sama. Na miƙa mata almakashina ta ce in ajiye abina. Ta kama lemo ta murɗa shi ya rabu da reshe, ta shinshina, ta sa a daro. Lemun wajenmu ko ya nuna kore-kore yake zama, sai ɗan rawaya a gefen da rana ke bugu. Ta tsinke na gabanta, aka matsar da kujera, ta ci gaba. Bitrus yana tsaye ya sa hannuwansa a baya. Da daron ya cika ta nuna waɗanda suka rage can ƙarshen reshe ta ce, "Waɗancan na matasa ne. Ladan fenti."

Ran Lahadi na bar cocinmu na je nasu. Da aka kira gidansu, 'ya'yanta da jikoki suka taru a bakin ƙofa da doya da buhun citta. Wata jika ta kai hannu za ta ɗauki daron, Mama ta ce a naɗa mata gammo. Aka ɗora mata a ka. Hannu ɗaya yana riƙe da daro, ɗaya da sanda. Matan zumunta suna buga tulu da ganga da sauri yadda aka saba, ita kuwa ƙafarta ba ta bin wannan kiɗan. Layi ya cunkushe a bayanta. Sai Mama Ladi, wadda ke riƙe da babban tulu, ta sassauta hannu. Masu ganga suka bi ta, masu waƙa suka bi su, har duk cocin ya koma taka rawa a hankali daidai da tafiyar tsohuwa.

Da ta kai gaba fasto ya sauko da sauri ya miƙa hannu biyu zai karɓi daron. Ta ce, "A'a, Fasto. Riƙe mini sandar."

Ya riƙe. Ta sa hannuwanta biyu ta sauke daron daga kanta, ta sunkuya a hankali, ta ajiye shi da kanta a tsakanin doya da acca.